Soket Arba'in na Yaya Kalolaine

Mutanen da labarin nan ya shafa huɗu ne: Manase, maƙwabcina a ƙauyenmu da ke tsibirin Tongatapu, matarsa Heilala, yayarsa Kalolaine, wadda ke zaune a Amurka, sai Sitani, mai duba aikin waya kafin a ba gida wuta.

Shekara shida Manase ya yi yana gina gidansa da hannunsa, shi ne birkila, shi ne kafinta. Duk wannan lokaci shi da Heilala da 'ya'yansu suna cunkushe a ɗaki guda a gidan mahaifiyarsa, ba su da burin da ya wuce su tare. Da ya rage jan waya kaɗai, sai ga kwali daga Kalolaine, cike da soket farare guda arba'in, da takarda mai cewa a sa su a kowane bango, za ta zo buɗe gida ta gani.

To, wutar Amurka rabin ƙarfin tamu ce, bakin soket ɗinsu ma ba irin namu ba ne. Manase ya san haka sarai. Amma a wurinmu 'yar'uwa mace tana sama da ɗan'uwanta namiji, ba ya musa mata, ba ya mayar mata da kyauta. Saboda haka ya fasa bango wuri arba'in ya dasa su.

Sitani ya zo dubawa, ya tsaya a falo yana dariya har da riƙe ciki.

"Manase, gida ka gina ko shagon soket? Wannan na bayan ƙofar ban ɗaki, wa zai yi guga a nan?"

"Sa hannu kawai, abokina."

"In sa hannu ku ƙone, a ce Sitani ne? Cire su."

"Na Yaya ne."

Sitani ya daina dariya, domin shi ma yana da yayye mata uku.

Heilala ta ce, "Maigida, rubuta mata mana. Layi biyu: ba sa aiki a nan, mun gode."

"Ke rubuta wa taki."

"Tawa tukwane take aiko min, ba ta aiko min da ramukan bango."

Dabarar da Manase ya yi ita ce, ya zare waya daga soket arba'in ɗin, ya bar su manne kamar ado. Sannan ya sa irin namu guda shida can ƙasa, ya rufe su da ngatu, wato zanen ɓawon itace da muke rataya wa bango. Sitani ya sake zuwa, ya ce shi dai bai san dokar da ta hana mutum yi wa bangonsa kwalliya ba, ya sa hannu. Aka ba gida wuta.

Ranar buɗe gida an gasa aladu biyar, an tono doya daga ramin gashi, fasto ya yi addu'a mai tsawo. Kalolaine ta zauna a kan tabarma mafi kyau. Aka kunna fitilun sama, suka kama, aka yi tafi. Sai ta buɗe jakarta ta ciro butar lantarki, ta ce da ita za a dafa wa fasto shayin farko.

Ta sa a soket na farko, shiru. Na biyu, shiru. Ta bi bango ɗaki ɗaki, buta a hannu, baƙi na biye da ita. Wani tsoho ya ce da ƙarfi, a bar fasto ya sha ruwan kwakwa kafin azumi ya kama shi.

Ta dawo falo ta ce, "Manase!"

"Na'am, Yaya."

"Kayan da na aiko ne ba su da kyau?"

Heilala ta zuba masa ido. Soket mai aiki yana bayan ngatu, taku ɗaya daga ƙafar Kalolaine. Manase ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Kayanki ba su da aibi, Yaya. Ni ne ban iya ba."

"Na sani. Tun kana yaro ko igiyar akuya ba ka iya ɗaurewa ba. Ga wuta ta shiga bango, ba ta san ta inda za ta fita ba, kuma a nan za ka kwantar min da 'ya'ya? Ba mai kwana a gidan nan sai na turo wanda ya san aiki daga can."

Ta karɓi makulli ta jefa a jaka. Bayan mako biyu makullin ya hau jirgi tare da ita.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan, ma'aikacin bai iso ba. Manase da iyalinsa suna nan a ɗaki guda. Kowace Asabar yana zuwa ya nome ciyawar gaban gidan, ya leƙa ta taga. Heilala kuwa, in ya nemi a goge masa rigar coci, sai ta miƙa masa dutsen guga na gawayi, ta ce ya tambayi Yaya a wane soket ake sa shi.

Ni da girma na kama alƙalami. Duk wanda ya ga inda na karkace a rubutun nan, ya taimaka ya miƙe min shi.