Dabinon Ramla

A gidanmu, ranar suna, Baba ne ke tauna dabino ya lasa wa jariri a baki, sannan ya raɗa mashi suna a kunne. Haka ya yi wa jikokinshi duka. Shekarar korona, matata Mardiya na haihuwa, sai ga Baba ya dawo daga kasuwar Mayahi da tari da zazzaɓi.

Na je asibitin Attantane karɓo mashi magani. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ce bai sani ba ko cutar ce, amma kada mai tari ya matsa kusa da jaririya. Na dawo gida da maganin. Yaron da Mardiya ta haifa kafin wannan, ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi tun bai iya zama ba. Ni na kai shi makwanci da hannuna.

Da na faɗa wa Mardiya abin da Majo ya ce, ta ce, "Sai ka gaya wa Baba."

"Ni in ce wa mahaifina, Malam Illo, bakinshi na da cuta?"

"To ni zan faɗa? Ni da ko sunanshi ba na kamawa?"

Ana gobe suna, da hantsi, na iske shi a garke yana duba ragon da za a yanka. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye. Can gefe akwai akuya ɗaure ita kaɗai a gindin aduwa, da kwanon ruwanta daban.

"Baba, wannan me ta yi aka ware ta?"

"Ba ka ga majina ba? In ta sha ruwa da sauran, gobe duk garken ne."

"Ai cuta ta Allah ce."

"Ta Allah ce mana. Igiyar ma Shi ya ba mu."

Sai tari ya sarƙe shi har ya dafa turke. Da ya lafa, ya dube ni.

"Rabilu, ni ne akuyar?"

Na sunkuyar da kai.

"Majo ya aiko ka, ko matarka?"

"Tsoro ne, Baba."

Ya koma kan ragonshi. Na tashi na tafi.

Washegari mutane suka cika ƙofar gida. Baba ya sa aka kai tabarmarshi nesa, bakin rumbu, ya ja rawani ya rufe baki. Ya kira ni, ya ajiye dabino a ƙasa tsakaninmu.

"Kai za ka tauna. Ka wanke shi tukuna, ya fito daga aljihun akuya."

"Sunan fa, Baba?"

Sai ya miƙe, ya fuskanci cikin gida, ya ɗaga murya: "Ramlatu! Allah shi raya ki!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Ƙanenshi, Baba Sha'ibu, ya ce, "Yaya, wannan raɗa ce ko kiran salla?"

Na shiga ɗaki, na wanke dabinon, na tauna, na lasa wa jaririyar. Ta tsotsa, ta yamutsa fuska. Na ɗauko ta na tsaya bakin zaure, na ɗaga ta yadda zai hango.

"Ta lasa?" ya ce daga can.

"Ta lasa, Baba."

"To mayar da ita ciki. In na warke, da sauran dabino."