Lasifika a Reshen Darbejiya

Yaya Ikrima da kansa ya haɗa akwatin lasifikar, da katakon wani tsohon ƙyaure da aka cire daga ɗakin ajiyar gyaɗa. Ita lasifikar daga Kano ya sayo ta. Faɗinta ya kai faifai, a bayanta kuma akwai maganaɗisu mai nauyin da sai da hannu biyu nake ɗaga ta. Ranar da zai ɗaura ta a bakin akwatin ya nemi notinan da ya saya ya rasa, sai ya kama ta da kusoshi.

"Ai a tsaye akwatin zai zauna," ya ce da ni. "Ina za ta je?"

A tsayen aka ajiye shi a ƙofar gida, wajen maza, ranar walimar saukar ƙanwarmu Humaira. Sai kakarmu Inna Barira ta aika masa cewa ita ba ta jin komai daga ciki, kuma ba za a yi saukar jikarta maza kaɗai su kwashe ladan sauraro ba. Kunnenta ya yi nauyi, amma ba a mayar mata da magana. Ikrima ya hau darbejiyar da reshenta ya tsallako katanga, ya ja akwatin da igiya, ya rataye shi fuskarsa tana kallon ƙasa. Inna ta ja tabarma ta zauna daidai ƙarƙashinsa, ta karɓi Dabo, jaririn Anti Furera, ta kwantar a cinya.

Bayan la'asar Malam Ja'afaru ya fara karatu. Tsakar gida ta yi tsit, mata sun sunkuyar da kai.

Ina gefen Inna ina zuba mata kunu a kofin silba, sai wani abu ya faɗo a tabarma. Na ɗauka. Kusa ce, jikinta duk garin katako, irin wanda gara take bari.

Na ɗaga kai. Gefe ɗaya na lasifikar ya rabu da katakon, har yatsa zai shiga. Duk lokacin da Malam ya ja murya, sai baƙin bakin lasifikar ya girgiza, gari ya zubo a kan ɗankwalin Inna.

"Inna, ki matsa," na ce a kunnenta.

"Me?"

"Ki matsa. Lasifikar..."

"Ke Ramlatu, ana karatu kina surutu?"

Da ƙarfi ta faɗa, kamar yadda masu nauyin kunne suke yi. Mata suka waiwayo. Wata baƙuwa ta girgiza kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na nuna sama da hannu, amma duk sun riga sun mayar da kansu ƙasa. Anti Furera tana can madafi. Ikrima yana waje wajen janareto, tsakanina da shi zaure cike da dattawa.

Kusa ta biyu ta faɗo a kan zanin da aka rufe Dabo. Bai ko motsa ba.

Ban san lokacin da na fizge shi ba. Na yi bakin ɗaki da gudu, yana tsala ihu a kafaɗata.

"Kai, ja'irar nan! Ina za ki kai min mai gidan?"

Inna ta dafa ƙasa ta miƙe a hankali. Sai kuma ta tsaya a wurin, tana laluben takalminta da ƙafa. A saman kanta lasifikar ta sake zamowa, ina ganin wayarta ja tana leƙowa.

"Inna!" Ban taɓa jin muryata haka ba. "Zo ki karɓe shi, zai suɓuce min!"

Ta bar takalmin ta taho, hannuwa a miƙe, tana salati. Ba ta ƙaraso ba muryar Malam ta yanke daga tsakar gida. Lasifikar ta faɗo, ƙasa ta amsa har cikin tafin ƙafata.

Mata suka watse da ihu. Can waje ana jin karatun ƙasa-ƙasa, sannan shi ma ya tsaya.

Ikrima ya shigo ba hula. Ya dubi tabarmar da ta huje, ya dubi kofin silba da ya lanƙwashe ya zama kamar marfi, kunu ya fantsama har katanga. Ya durƙusa ya taɓa bakin lasifikar, ragowar katakon da ya maƙale a kusoshin ya marmashe a hannunsa.

"Wa ke zaune a nan?" ya tambaya.

Takalmin Inna ƙafa ɗaya yana leƙowa daga ƙarƙashin maganaɗisun.

Inna ta zauna a dokin ƙofa, ta rungume Dabo. Na sa hannu zan kakkaɓe mata garin katakon da ke ɗankwalinta, sai na ga yatsuna sun ƙi buɗuwa. Kusar farko tana nan a damƙe a tafina.