Ruwan Ƙafar Labo

Labo ya ɗora ƙafarsa ta hagu kan turmin da aka kifa, ya cije leɓe, ya ci gaba da haddar darasinsa da ƙarfi don kada kuka ya ƙwace masa. Yana faɗa da Faransanci yana mayarwa da Hausa, yadda malaminsu Mushe Alkasum ya koya musu a kwalejin Konni: mutum ya sha ruwan tafki, ya haɗiye ƙwaron da ido ba ya gani sai da ƙyar, ƙwaron na ɗauke da ɗan tsutsa, sai shekara ta kewayo kurkunu ya huda fata ya fito neman ruwa.

Abin haushi, darasin ga shi a littafi, ga shi kuma a idon sawunsa. Ƙurjin ya fashe tun da hantsi, wani farin abu kamar zaren ɗinki ya leƙo. Zafin kuwa, wayyo, sai ka ce an ɗora masa garwashi an ɗaure da tsumma. Gobe motar kasuwar Illela za ta mayar da shi Konni don jarrabawar fita kwaleji. Ga sabuwar farar rigar da babansa Mika'ilu ya sa aka ɗinka masa can a kan igiya, ko sau ɗaya bai sa ta ba.

"Kai maigida, wane irin taurin kai ne wanga?" in ji kakarsa A'ishatu, wadda kowa ke kira Iya, tana zaune a inuwar zaure tana tauna goro da sauran haƙoranta. "Tashi ka je tafki ka tsoma ta ka huta. Haka kowa ke yi."

"Ba ni zuwa, Iya."

"To zauna nan kana murguɗa baki kamar mai naƙuda. Ni dai in ka gurgunce na sake miji."

Labo ya mayar da ido kan ƙafarsa. Ya san inda ya kwaso abin: bara ne, da motarsu ta lalace kusa da Malbaza, ƙishirwa ta sa suka sha a wani kududdufi. Tafkin garinsu kuwa ya daɗe da rabuwa da kurkunu, don fari ya busar da shi har ƙasarsa ta tsattsage. Ruwan farko na bana ne ya cika shi, alhali rijiyoyi ba su ba da komai sai laka. Duk garin daga shi ake sha. In ya tsoma wannan ƙafar ciki, baɗi war haka, daidai lokacin noman farko, babansa da sauran maza za su kwanta a tabarma, hauya na jingine, ciyawa na cinye gero. Garin da ɓeraye ma suka yi ƙaura daga rumbunansa ba zai iya asarar wata daminar ba. Tunanin nan ya fi ciwon tsorata shi.

"Asma'u!" ya kira yayarsa. "Don Allah zubo mini ruwa a daro."

Ta kawo tana mita, don kowane tulu da wuyanta take ɗauko shi. Ya sa ƙafar. Wani sanyi ya ratsa shi har tsakar ka, ya sauke ajiyar zuciya. Can sai ya ga wani farin abu na fitowa daga bakin ciwon yana bazuwa a hankali, kamar an ɗiga nono a ruwa. Ya san ko mene ne. 'Ya'yan kurkunu ne, dubbai, daga cikin naman jikinsa, kowanne da ransa.

Iya ta taso ta dogara sanda ta leƙa daron. Daga nan idonta ya faɗa kan littafin da ke buɗe a cinyarsa. A shafin akwai zanen ƙwaron ruwan nan an girmama shi: jiki kamar ƙwai, gashin baki biyu dogaye, da ido ɗaya tak a tsakiyar goshi.

Tsohuwa ta ja da baya. Goron bakinta ya faɗi ƙasa.

"Rufe! Rufe shi, ɗan nema! Wa ya zana muku ita?"

"Wa, Iya? Ƙwaro ne fa. Shi ne ke haɗiye..."

"Ƙwaron gidanku! Mai tafkin ce. Ba a faɗin sunanta da rana tsaka." Ta rage murya. "Uwata ta taɓa ganin ta sau ɗaya, ta sunkuya ɗiban ruwa sai ga ido guda na kallon ta daga ƙasa. Ashe har Nasara sun san ta."

Labo ya yi dariya, amma tsigar jikinsa ta tashi.

"Abin da ke ƙafarka nata ne," in ji Iya. "Aro ne. Waɗanga da ka gani cikin daro ɗiyanta ne. In ba a mayar mata ba, sai ta tsinke shi ciki, ƙafa ta shanye. Ba ka ga Dogo mai sanda ba? Uwarsa ƙasa ta zubar da nashi ruwan."

"Ni a Malbaza na sha, Iya, ba a nan ba."

"Ruwa duk ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa."

Ya juya ga yayarsa. "Asma'u, in na gama ki kai shi bayan danga ki zuba kan rairayi mai zafi. Kada ko ɗigo ya koma tulu. Kin ji?"

"Na ji, likita," ta ce, ta ɗauki furar babansu ta nufi gona.

Rabonsa da barcin kirki tun da ƙafar ta fara kumburi. Ya jingina da bango yana maimaita hanyoyin kariya, a tace ruwa da ƙyalle mai ƙaramin ido, a hana mai ciwo shiga tafki, har kalmomin suka narke a bakinsa.

Da ya farka inuwa ta ɗan gusa. Ƙafarsa na kan turmi, an lulluɓe ciwon da ganye a hankali. Daro babu shi. Gidan tsit, ko kukan kaza babu. A kan rairayin tsakar gida ya ga sawun ƙafafu marasa takalmi, da ramukan bakin sanda, da ɗigon ruwa nan da can wanda bai gama bushewa ba. Sawun bai yi bayan danga ba. Ƙofa ya nufa.

Ya zabura ya miƙe. Ya fizgo abin da hannunsa ya fara taɓawa a kan igiya ya zura, ya fita yana ɗingishi yana kiran Iya. Ba wanda ya amsa. Hanyar tafki ta ratsa inda shanun Fulani suka mutu bara, ƙasusuwansu fari fat a rana. Ba iska, ba tsuntsu. Ko kwaɗin da suka hana mutane sakat tun saukar ruwa sun yi shiru.

Ya hango Iya tsaye cikin ruwa har ƙauri, bayanta a tanƙware, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin maƙwabciya. Daron na hannunta a kife.

"Iya!"

Ta juyo, fuskarta fal da murna. Ta fito tana haki. Ya dubi ƙafafunta, ya ga yadda rairayi ya toya tafinsu. Tsohuwar da ƙwaryar fura ke gagara, ita ce ta ɗoro daro a ka tun daga gida.

"Na mayar mata," ta ce. "Na roƙe ta, na ce mijina na da jarrabawa. Yanzu ka tafi Konninka da ƙafa biyu."

Ya tsaya a bakin ruwan. Haushi ya cika shi, tausayi ya fi haushin yawa, sai hawaye. Ya dubi tafkin. Ruwan lumui, jaja-jaja, ko alamar an zuba wani abu babu. Zai yi ta zama haka har kaka ta wuce, har rani ya wuce, ba wanda zai tuna da yau.

Suna nan tsaye la'asar ta kawo kai. Mata suka fara ɓullowa daga gari da tulunansu, Asma'u a gaba, ta dawo daga gona. Ta ga daron, ta ga fuskar ƙaninta, ta dafe ƙirji.

"Labo, wallahi cewa na yi in na dawo..."

"Ajiye tulunki," ya ce.

Ya dubi zannuwan matan yana neman na tace ruwa, duk saƙi ne mai faɗin ido, waɗansu sun koɗe har ana hango rana ta cikinsu. Sai a lokacin ya lura da abin da ke jikinsa. Ya tuɓe farar rigar. Ya kama bayanta ya ja, yadin ya yi ƙara a cikin shirun nan har mata suka yi salati.

"Rigar jarrabawar! Labo, ka haukace? Me za ka ce wa Baba?"

Ya ɗaure ƙyallen a bakin tulun Asma'u. "Zuba ta nan. Kullum ta nan, har tafkin ya ƙafe. Kowa ma haka."

Ta zuba da ƙwarya har tulun ya cika. Ya kwance ƙyallen ya ɗaga shi wajen rana. Cikin jan lakar da ta rage, waɗansu ƙananan ɗige-ɗige na motsi, suna zillo. Matan suka matso suka yi cirko-cirko.

Iya ta kutso kai, ta ƙura ido ta daɗe.

"Ka gani?" ta ce a hankali. "Ta ji. Har ta aiko a gaishe ka." Ta miƙo hannu. "Kawo in mayar mata da su."

Labo ya dunƙule ƙyallen ya ɓoye a bayansa. Ya dubi matan da ke jira, ga waɗansu can suna ta tahowa daga gari. Ya dubi abin da ya rage na rigar. Ya sa haƙori ya fara yage hannun rigar don tulu na gaba.