Wayar Malam Ja'afaru Ta Ƙi Haɗuwa

Shekarar da ruwa ya ci hanyar Kano, sabis ya ɗauke ɗif a unguwarmu a Haɗeja. Intanet ɗin da ya rage shi ne na ofishinmu na aikin noman rani, kuma ni Kamila ni ke kula da shi. Kowane ma'aikaci da sunansa da lambar sirrinsa. Na faɗa har bakina ya gaji: kada a ba kowa, in wayoyi suka yi yawa a suna ɗaya na'urar za ta kulle shi.

Ranar Asabar da azahar sai ga Malam Ja'afaru, direban ofis, a ƙofar gidanmu, wandonsa jiƙe har cinya.

"'Yata, wayar ta ƙi haɗuwa. Tun safe nake jikin katangar ofis."

Yayansa Bakari na kwance a asibiti a Kano. Jiya Saude, matar Bakari, ta aiko cewa jiki ya yi tsanani, yana ta kiran sunan ƙaninsa. Hanya ta yanke, don haka suka shirya cewa da safe za su ga juna ta bidiyo.

Muka ratsa ruwa muka je. Na kashe wayar na kunna, na duba kwanan wata, na goge layin na sake shigar da shi. Ina! Da na buɗe kwamfuta sai na ga an kulle sunansa, wayoyin da suka hau kansa kuwa sun cika allo.

"Haba Baba! Duk unguwa ka raba wa?"

Ya sunkuyar da kai. "Maƙwabci ya zo yana neman labarin 'ya'yansa, in ce masa me? Ko rijiya ce ai ba a hanawa."

Raina ya ɓaci, wallahi. Na buɗe sunan, na sa masa sabuwar lamba. Aikin bai kai shan kofin ruwa ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai.

Wayar ta haɗu, ya kira. Fuskar Saude ta bayyana, idanunta jawur, bayanta gado ne da aka riga aka yaye zanen kansa.

"Ja'afaru, sai haƙuri. Ya jira ka. Ya sa na jingina masa wayar a filo, yana kallonta har aka kira salla."

Ya yi salati a hankali, ya zauna a ƙasa. Ni ce na fashe da kuka, shi ko hawaye bai yi ba, yana ta shafa gilashin wayar da babban yatsa.

Da muka fito, mutane na nan jikin katanga, kowa da waya a hannu, duk ta yanke musu. Inna Gumsu mai ƙosai ta matso. Ɗanta na can Miga, tun zuwan ruwan take bin labarinsa ta nan.

"Malam, tawa ta daina. Ko an canza ne?"

Ya dube ta, ya dube ni. Ya karɓi wayarta ya fara danna sabuwar lambar, yatsunsa na kuskurewa. Da ya kuskure karo na biyu na karɓa na ƙarasa masa.