Idon Lawali na Biyu

Jiya da dare na yi wani mafarki wanda har yanzu bai sake ni ba. Na gan ni a wata tashar mota inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane sun juya lemominsu suna kare ƙafafu. Gwangwanayen fenti na hannuna, don ni ko a barci zanen bayan manyan motoci ne sana'ata.

A tsakiyar tashar akwai ofishin korar baƙi, awaki ne ma'aikatansa. Babbansu wani bunsuru ne mai tabarau, yana tauna fasfon wata mata a natse.

"Duk wanda ba a garin nan aka binne cibiyarsa ba, ya ajiye fuskarsa a ƙofa," in ji shi. "A nan ta tsufa, ta gari ce."

Na duba bango, ga fuskoki an rarrataye a ƙusa kamar huluna. Wasu na ƙifta ido.

Sai ga ni tsaye a ƙasa, a bayan wata babbar mota cike da mutane, gaban kawunansu sumul kamar bayan ƙwarya. Ta hannuwansa na gane Lawali, don man takalmi ya rine masa farata. Lawali mutumin Damagaram ne, ya yi shekaru yana gyaran takalma a ƙofar shagona, har makon jiya da aka zo aka kwashe baƙi har da shi. Wannan kam ba a mafarki aka yi ba.

"Malam Talle, ka zana ni," in ji shi. Muryar daga ƙirjinsa take fitowa. "Inna tana zaure tana jira. In na shiga haka, can ma sai a ce baƙo ne."

Tausayinsa ya kama ni, tsoro ma ya kama ni. Na buɗe gwangwani na fara. Na yi masa hanci, na yi tabon da ke haɓarsa, na yi bakin nan nasa da ba ya rabuwa da tsokana. Mu masu zane ido muke sawa a ƙarshe, don da zarar ka sa shi, hoton ya fara kallonka, hannu ya daina yi maka biyayya.

Bunsurun ya leƙo ta kafaɗata.

"Zane ba laifi ba ne. Amma ban da ido. Mai ido yana gane hanya, ya dawo."

Kafin in juya, awakin sun lashe baƙin fentina tas.

Lawali ya laluba aljihu ya miƙo mini gwangwanin man takalminsa a ɓoye. Na lakata da babban yatsa na ɗora masa idon dama. Idon ya buɗe. Na zaci kuka zai yi ko roƙo, sai Lawali ya sauke shi a kan ƙafata.

"Dunduniyar nan ta sake buɗewa," in ji shi. "Na ce ka daina take bayan takalmi, ba ka ji."

Hawaye ɗaya ya fito ya bi ruwa ya yi sama. Awakin suka daina tauna. Duk wadda idon ya kalla sai ta sunkuyar da kai. Sauran mutanen motar suka matso shiru, kowa ya miƙo mini gaban kansa.

Motar ta tashi ba direba. Na bi ta da gudu, yatsana a ɗage da man ido na biyu, takalmin yana ta cire mini. Lawali ya leƙo ya miƙo fuska, saura kaɗan in taɓa shi, ƙasa ta fara ƙara, kiii, kiii.

Na buɗe ido, gari ya waye. Ƙarar daga ƙofar shago take. Maƙwabcina mai shayi ne yake jan bencin Lawali zuwa rumfarsa, tunda ba mai zama a kai.