Zaren Baba Manga

Dokas ta jingina sandar awo da bangon zaure, ta ajiye jakar magani, ta durƙusa ta gaida maigidan. Bana ne karonta na farko a rabon maganin tundurmi, wanda ake bi gida-gida ana bayarwa sau ɗaya a shekara, kuma unguwar Mayo Gwoi aka turo ta. Tun a asibiti aka gaya mata cewa gidan Baba Manga ne mabuɗin layin. In ya haɗiya, 'ya'ya da jikoki da maƙwabta duk za su bi. In ya ƙi, sai dai ta koma da kayanta.

Tsohon yana zaune a tabarma, ƙafarsa ta hagu a miƙe, ta kumbura tun daga gwiwa har yatsu. Bai ce mata a'a ba. Wani zaren buhu mai ƙulle-ƙulle ya zaro daga aljihu, ya zagaya shi a ƙwaurinsa.

"Duba nan, Likita. Duk shekara in na sha, sai in auna in ƙulla. Ga na bara, ga na bara waccan. Wanne ya ja baya?"

Dokas ta duba. Babu ko ɗaya.

"To, in maganin ƙafa ne, me ya sa tawa ba ta ji ba? In kuma na masu ciwo ne, me ya sa kuke ɗura wa jikokina, masu tsalle kamar 'yan awaki? Je ki samo mini amsa. Kafin nan ba mai sha a gidan nan."

A wurin horaswa an koya musu yadda ake tsayar da mutum a jikin sanda a san ƙwaya nawa za a ba shi. An ce kada a ba mai ciki, ko mai ciwo mai tsanani, ko yaron da bai kai alamar farko ba. Duk ta riƙe. Amma wannan tambaya ba ta taɓa zuwa mata ba, kuma yanzu da ta zo sai ta maƙale mata kamar ƙarangiya a bakin zane.

Ta tarar da abokan aikinta, Tobiya da Hamna, a inuwar mangwaron asibiti suna cin gasasshiyar doyar Iware da manja. Ta zayyana musu komai.

"Yana saɓar da kumburi mana," in ji Tobiya. "Tsohon ne dai ba ya kiyayewa. Ƙila yana taka raɓa."

Hamna ta kwashe da dariya. "Kai Tobiya, wace raɓa? Kakarka ce ta koyar da kai aikin? Rigakafi ne, irin allurar yara."

"In haka ne, me ya sa ake sha kowace shekara?" Dokas ta tambaya.

Hamna ta tsaya da loma a hannu. "Ke kuma, 'yar jarida kika koma?"

"Je ki wurin Simeon," in ji Tobiya, "shi ne mai hira da tsutsotsi."

Simeon, mai kula da ɗakin gwaji, mutum ne marar gaggawa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ɗauko wani tsohon gilashi mai ɗigon jini da ya adana don koyar da ɗalibai, ya sa a madubin gwaji.

"Rufe ido ɗaya. Me kika gani?"

"Wani abu siriri, a lanƙwashe kamar silin gashi."

"Jaririyar tsutsar ke nan. Iyayen suna zaune can cikin jiki shekara da shekaru suna haihuwa, su ne suke ɓata hanyoyin ruwan jiki har ƙafa ta kumbura. Sauro ya ciji mai ita, ya kwashi jariran, ya kai wa wani. Ƙwayar da kike rabawa jariran take kashewa, shi ya sa ake maimaitawa har iyayen su ƙare. Mutum kuma zai iya ɗauke da ita ƙafarsa lafiya lau."

"Ƙafar da ta riga ta kumbura fa?"

"Wannan sai ruwa da sabulu da haƙuri."

Washegari Dokas ta koma da roba da sabulu. A hanya tana ta juya maganar. In ta ce masa ƙafar za ta saɓe, zai sha yau. In ta faɗi gaskiya, ƙila ya kore ta, ga rabon ya kusa ƙarewa.

Ta zauna a gefen tabarma ta bayyana masa yadda Simeon ya bayyana mata, ba ta rage komai ba.

"Wato ba za ta koma ba," in ji shi.

"Da wannan ƙwayar dai ba za ta koma ba, Baba. Amma in ana wanke ta kullum, a tsane tsakanin yatsu, a ɗora ta sama in za a huta, zazzaɓin da ke kayar da kai zai ragu. Ƙwayar kuwa don kada sauro ya samu abin kai wa yara ne."

Baba Manga ya juya yana kallon jikarsa Adda tana bin kaza a tsakar gida. Dokas ta fara tattara jakarta a hankali.

"Ina za ki? Kin ce kin ga tsutsar da idonki?"

"Na gani."

"To ni ma sai na gani. Abin da ya zauna a jikina ba haya, ai ya kamata mu gaisa."

A keke napep suka je. Simeon ya gyara masa kujera, tsohon ya cire hula ya kafa ido, ya daɗe bai ɗago ba.

"Wannan 'yar mitsitsiyar? Ko zarena ya fi ta kauri! Ina bakinta? Da me take ci?"

Sai da Simeon ya amsa tambayoyi har doyar da ya ajiye zai ci ta huce, kafin Baba Manga ya miƙe ya tsaya a jikin sandar awo da kansa, ya ce a ba shi ruwa.

Da la'asar mutanen layin suka jeru a ƙofar zauren. Dokas tana cikin auna Adda sai ta hango tsohon a bakin ɗakin yara yana ɗaga kusurwar gidan sauro da ta tsinke.

"Likita, miƙo mini zaren nan," in ji shi. "Yana kan tabarma."