Jar Saniyar Baffa Jaye

Nazira ce ke kula da shafin intanet na ƙungiyar makiyaya a Gidan Rumji, kuma in ka ji yadda take yabon shafin nan sai ka rantse ita ta haife shi. Ranar Talata da hantsi Baffa Jaye ya shigo buronta, wato ofis, yana ɗingishi, ƙafa a kumbure, ido ya yi ja.

Jar saniyarsa Woɗe ta ɓata kwana shida. Ba ma tasa ba ce. Habbanaye ce, wato aron da amininsa ya ba shi don ta haifa masa 'yan maruƙa, sannan ya mayar da uwar. Lokacin mayarwa saura mako guda. Jaye ya ce gara ƙasa ta tsage ya shige da ya je wa amininsa hannu rabbana.

An ce akwai jajayen shanu biyar da aka tsinta a Cadakori, suna hannun Idrisa, wakilin ƙungiya. Da wannan ƙafa kuwa Jaye ba ya zuwa ko'ina.

"Kwantar da hankalinka, Baffa," in ji Nazira. "Ina da bidiyonka da ita tun ranar rigakafin bara."

Wayar Idrisa ta cika maƙil da hotunan biki, ba ta karɓar komai, don haka Nazira ta ɗora bidiyon a shafi. A kwamfutarta ya tashi tsaf. Ta kira shi tana taƙama.

"Malama, baƙin akwati kawai nika gani," ya ce.

Taƙama ta sauka. Ashe burauzar tsohuwar wayarsa, wato manhajar buɗe shafuka, ba ta san irin fayil ɗin da ta saka ba. Ta juya bidiyon zuwa wani iri, ta jera su biyu a shafin, kowace burauza ta ɗauki wanda take iyawa. Ta kuma rage masa nauyi, saboda rezon waya a Cadakori sai an lallashe shi.

"Yawwa, ya taso! Amma Malama, ja ce, kuma dukansu biyar ɗin jajaye ne."

Jaye ya matso da bakinsa kusa da waya. "Shina jin muryata cikin abin?"

"Babu murya, Baffa. Bakinka dai na motsi."

Nazira ta dafe goshi. Ita ce ta kashe sautin da hannunta, don bidiyo ya riƙa tashi da kansa da zarar an buɗe shafi, abin burgewa. Yawancin burauzoji ba sa barin mai sauti ya yi haka.

"Ɗiyata," in ji Jaye, "ku da ido kuke neman saniya. Ita ku bari ta ji ni."

Kunya ta kama ta. Ta cire burgewar, ta maido da sauti, ta sa maɓallin kunnawa. Idrisa ya ari wayar maƙwabci ya kira su da ita, ya shiga tsakiyar garke, ya ɗaga tasa sama ya danna.

Suka ji muryar Jaye ta bara tana fitowa daga Cadakori, dogon kira mai lanƙwasa. Sai wani kuka mai kauri, sai ƙarar kofato, sai ihun Idrisa.

"Wayyo! Malama, ki kashe! Ta ture ni, tana lasar mini waya!"

Nazira ta fashe da dariya har da buga tebur. Da ta juyo, Jaye ya rufe fuska da gefen rawaninsa, kafaɗunsa na rawa.

"Kada ki kashe," ya ce a hankali. "Kwana shida ba wanda ya kira ta."